Tabarmar fikinik mai leda a ƙasa, bayan wata takwas ina jan ta filin shaƙatawa

Jama'a salamu alaikum. Na daɗe ina cewa zan rubuta ra'ayina kan tabarmar fikinik ɗin nan da na saya, irin mai laushi a sama da leda a ƙasa wadda ake ninkewa ta koma kamar jakar hannu, to yau dai Allah ya yi na zauna. Ba wani kamfani ne ya turo ni ba, ko sunan da ke jikinta ma ban riƙe ba don tambarin ya goge tun a wankin farko, da kuɗina na saya kuma wata takwas ke nan ina jibgar ta kusan duk ƙarshen mako, saboda haka abin da zan faɗa gani na yi ba ji ba.

Bari in fara da abin da ya sa na saye ta don shi ne kan maganar. Muna zaune a bene hawa na shida, yara uku, baranda kuwa in ka shanya riga huɗu ta cika. Duk wanda ya zauna a babban birni ya san wannan ƙuncin, ko ina ka sa ƙafa sai an miƙo maka takardar biya, ka shiga gidan abinci ka yi minti arba'in sai ka ga mai hidima ya fara zagaye teburinka yana goge abin da ba ya buƙatar gogewa, wato dai malam ka tashi akwai masu jira. Wuri ɗaya ne na sani da za ka baje awa biyar kai da iyalinka babu mai tambayarka me za a kawo, shi ne babban filin shaƙatawa na cikin gari. Ranar farko da muka je zanin gado muka ɗauka, ni a tunanina ai shimfiɗa shimfiɗa ce. Ciyawa ga ta a bushe rana ta take, amma wlh ba mu yi minti ashirin ba na ji sanyi yana ratsa wandona, na miƙe sai ga taswira a bayana, yaran suna ta ƙyalƙyala dariya, uwargida ta dube ni ta ce "Abban yara kai da ka ce ka san harkar". Muka tattara muka koma kan benci kamar masu jiran bas. Ranar na gane cewa tsakanin wanda ya leƙa fili ya wuce da wanda ya wuni a ciki, abin da ke ƙarƙashin mazaunansa ne ya raba su.

Abin da ke faruwa shi ne saman ciyawa yana bushewa da wuri amma ƙasan yana riƙe da danshi, ga raɓar asuba ga kuma famfunan ban ruwa da ake kunnawa da daddare ko da sassafe a yawancin manyan filaye, to da ka zauna nauyinka ne ke matso ruwan ya hau cikin yadin. Wannan tabarmar hawa uku ce, sama yadi mai laushi irin na bargo, tsakiya siririn soso, ƙasa kuma leda ce da ake kira PEVA, irin wadda ake labulen banɗaki da ita. Faɗinta mita 2 tsawonta mita 2. A takardar an rubuta mutum shida zuwa takwas, wannan kam zuƙi ta malle ce, sai dai in mutum takwas ɗin tsaye za su yi. Mu biyar da kwandon abinci da kula ta cika tam, in ɗaya ya ce zai miƙe ƙafa sai wani ya matsa. Manya huɗu a zaune, ko biyu a kwance, iyakarta ke nan.

Amma batun hana ruwa, nan fa ba ni da ta cewa, ta yi. Na shimfiɗa ta washegarin ruwan sama a wurin da in ka taka sai ka ji ƙasa tana cakal cakal, muka yi awa uku, da muka ɗaga bayanta sharkaf da laka amma samanta ko alama. Autana ya kifar da kofin lemo a kai, ya tsaya a saman bai ratsa ba na sa tsumma na tsane. A kan wannan kaɗai na yafe mata abubuwa da yawa da zan lissafo a ƙasa.

Sosan tsakiyar dai kar ka sa rai, siriri ne ƙwarai, yana kashe kaifin tsakuwa da ƙananan itatuwa amma saiwar bishiya kam za ka ji ta har ƙashin bayanka. Mai ciwon baya ko tsoho ya zo da matashi ko 'yar kujera mai ninkewa.

Tun da na fara wannan yawon na kamu da son karanta labarin filayen nan, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancinsu ba daji ba ne da aka bari, gina su aka yi da hannu kamar yadda ake gina gada. Central Park na birnin Niyok a Amurka eka 843 ne, Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux ne suka ci gasar zana shi a 1858, an fasa duwatsu da albarushi, an jawo ƙasar noma daga New Jersey saboda ta wurin ba ta da kyau, tafkunan ciki ma tona su aka yi. Kuma ba kango ba ne kafin nan, akwai mutane a wurin, har da unguwar Seneca Village wadda yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne, da dama daga cikinsu masu filayensu na kansu, aka tashe su a 1857. Abin dariyar kuma a shekarun farko hukumar filin ta hana taron fikinik na jama'a da yawa, so ake ka zo ka yi tafiya a natse ka kalli bishiyoyi ka tafi. Wannan shimfiɗeɗɗiyar ciyawar da ake gani a hotuna mutane sun baje kamar an zuba su, Sheep Meadow, eka 15 ce kuma tumaki ne ke kiwo a kanta har 1934. Yau in ƙasa ta jiƙe rufe ta ake yi a kafa jar tuta, saboda dubban ƙafafu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa suna danne ta ta yi tauri saiwa ta kasa numfashi. Na kawo wannan ne don ya shafi tabarmar tawa kai tsaye, ledar da ke hana ruwa hawowa ita ce kuma ke hana ciyawa shan iska da haske, ranar da muka wuni cur a wuri ɗaya cikin zafi da na ɗaga sai na ga murabba'i ya kwanta ya yi fari fari kamar an ɗora dutsen guga. Tana farfaɗowa, amma tun ranar nake ja ta gefe bayan awa biyu, dama inuwa ma tafiya take ba ta jiran kowa.

To ga inda ta fara ba ni haushi. Iska. Babu ko madauki ɗaya a kusurwoyinta, babu aljihun da za ka zuba yashi ko dutse, kuma ba ta da nauyi, da iska ta shiga ƙarƙashinta sai ta tashi kamar filafilin jirgin ruwa. Akwai ranar da muka tashi gaba ɗaya za mu ga agwagi a bakin tafki, muna juyowa sai ga tabarma ta naɗe farantanmu tana birgima ta nufi wasu bayin Allah da ke zaune suna karatu, na bi ta da gudu ina ba da haƙuri. Wani zai ce a sa ƙusa, to filaye da yawa ba sa yarda a kafa komai a ƙasa saboda bututun ban ruwa da ke binne, don haka maganinta takalma, kowa ya cire nasa a danne kusurwa huɗu da su. In irin filin Tempelhof na birnin Balin a Jamus za ka je kuwa, wanda tsohon filin jirgin sama ne da aka rufe a 2008 aka buɗe wa jama'a a 2010, fiye da hekta 300 fetal kusan babu bishiya a tsakiyarsa, to takalmi ma ba zai isa ba sai ka ɗora jaka a kowane gefe. Mutanen Balin ɗin nan fa a 2014 ƙuri'ar raba gardama suka yi suka ce ba su yarda a gina gidaje ko a gefensa ba, a birnin da ake kukan haya, sun zaɓi titin jirgi da ciyawa da wurin gasa nama. Wanda bai taɓa zama a ɗaki biyu da yara uku ba zai ce hauka ne, ni kam na fahimce su sarai.

Maganar cire takalmi ma daga Japan na kwaikwayo. Lokacin da furen ceri ke buɗewa ana fita kallonsa, abin da suke kira hanami, filaye irin su Ueno a Tokiyo cika suke da shuɗiyar leda an shimfiɗa ƙarƙashin bishiyoyi, har ofisoshi kan tura sabon ma'aikaci da sassafe ya je ya kama musu wuri ya zauna gadi har yamma, kuma ba wanda ke taka ledar da takalmi, ana jera su a bakin shimfiɗa kamar ƙofar ɗaki. Da na ga hotunan sai na ce ai gaskiyarsu, da ka shimfiɗa abin nan ka yi ɗaki ne mara bango, mutane ma da kansu suke kewaye shi ba sa takawa, yaro ya harbo ƙwallo ta faɗo ciki sai ya tsaya a baki yana jira a miƙo masa. Mita biyu sau biyu a tsakiyar birnin da ba ka da ko taku ɗaya na ƙasa a cikinsa, amma daga hantsi zuwa faɗuwar rana naka ne. Wannan jin daɗin shi na saya a gaskiya, tabarmar hanya ce kawai.

Kuma dokar takalmin dole ce ga wannan samfurin saboda yadin saman maganaɗisun datti ne. Busasshiyar ciyawa, gashi, ɓurɓushin biskit, 'ya'yan ciyawa masu ƙaya, duk sai su maƙale, ka kakkaɓe har hannunka ya gaji rabi na nan. Da zan sake saye zan ɗauki mai santsi a sama irin yadin jaka, ba ta kai wannan daɗin kwanciya ba amma kakkaɓa ɗaya ta wadatar. Maɗaurinta kuma Velcro ne, irin mai mannewa da ake sa wa takalman yara, shi ma ya cika da ciyawa har ya daina kamawa sosai, sai na zauna da tsohon buroshin haƙori ina tsefe shi. Abin ban dariya wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, daga irin ƙarangiyar da ta maƙale a gashin karensa ya samo dabarar Velcro a 1941, to ga shi abin ya koma gida, ƙarangiya ta ga ɗan uwanta.

Launi ma na yi kuskure, na ɗauki mai duhu mai gida gida don kar datti ya nuna. Datti bai nuna ba, amma cinnaka ma ba ta nuna ba sai da ta cije ni, ga shi tana zuƙar zafin rana. Fara ko mai haske ta fi, musamman a wuraren da ake da kaska a cikin doguwar ciyawa da gefen kurmi, don a Turai da Arewacin Amurka kaska na ɗauke da cutar Lyme, gara ka hango ta tana tafiya a kan shimfiɗa da ka same ta a bayan gwiwar yaro da daddare. Shimfiɗa a gajeriyar ciyawa da aka aske, a duba jikin yara in an koma gida, shi ke nan.

Sai ninkewa, wayyo ninkewa. Ranar da ta zo tsaf take kamar littafi, na warware ban kula da yadda aka ninka ba, tun daga ranar ban sake mayar da ita daidai ba sai bayan kusan wata biyu. Ka ninka uku marfin ya koma ciki, ka ninka huɗu hannun ya ɓace, ga magariba ta kawo kai ga yara sun gaji suna kuka ga ni durƙushe ina kokawa da tabarma mutane na wucewa suna kallona. 'Yata ta fari ce ta gano, ta ce Abba ka fara kifa ta ledar na sama, ka ninka gefe da gefe su haɗu a tsakiya, ka sake, sannan ka naɗo daga ƙarshen da ba marfi. In ka saya ka ɗauki bidiyo da waya lokacin da kake warwarewa karon farko, ka gode min daga baya. Kuma a kula jiƙaƙƙen bayan kar ya taɓa saman, in ba haka ba lakar da ka gudu ita za ka tarar mako mai zuwa.

Wani abu da ban yi tsammani ba, da shimfiɗa ta yi daɗi sai zaman ya yi tsawo, da zama ya yi tsawo sai wasu matsaloli su fito waɗanda mai minti ashirin bai san da su ba. Na farko abinci. Ƙa'idar da masana lafiyar abinci ke bayarwa ita ce dafaffen abinci da nama da kayan madara kar su wuce awa 2 a waje ba sanyi, in zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Celsius kuwa awa 1 ce, saboda tsakanin digiri 4 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Don haka tabarma ba kula rabin kaya ce, ka daskarar da gorunan ruwa ka jera a ciki, suna sanyaya abinci in sun narke ka sha. Na biyu banɗaki, kar kyan wuri ya ruɗe ka ka yi nisa, wanda ya taɓa saɓa yaro ɗan shekara huɗu a kafaɗa yana gudun rabin kilomita ya san me nake nufi. Na uku ledar shara, ka zo da taka, don kwandunan filin cika suke kafin la'asar ranar hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni yanzu tun daren Juma'a nake haɗa komai a bakin ƙofa.

Wani abokina ya ce min wai wannan duk al'adar Turawa ce muke kwaikwayo. Kalmar fikinik dai daga Faransanci ta fito, wannan gaskiya ne, amma fita da abinci a zauna a ƙasa ƙarƙashin bishiya ba na wani ba ne shi kaɗai. A Iran rana ta 13 ta sabuwar shekararsu, Sizdah Bedar, kusan gari gaba ɗaya ke fita waje da darduma da tukwane a wuni. A Masar suna da Sham el-Nessim, ranar da iyalai ke cika lambuna da bakin kogin Nilu. Kai a Alƙahira ma filin Al-Azhar da aka buɗe a 2005, hekta 30, juji ne da aka yi kusan shekara 500 ana zuba shara da ɓaraguzai, gidauniyar Aga Khan ta kwashe ta mai da shi lambu, garin tono har aka fito da tsohuwar ganuwar zamanin Ayyubawa da ta binne. Ana biyan kuɗin shiga amma duk da haka cika yake. Duk inda aka tara mutane miliyoyi a cikin siminti sai sun nemi inda za su zauna a ƙasa, ko da kuwa a kan tsohon juji ne.

Wanki a taƙaice, kar a sa ta a ruwan zafi kar a sa a injin busarwa, ledar tsagewa take ko ta yamutse. Ni soso da sabulu nake sa wa bayan, saman in bi da buroshi, in rataye a baranda. Kuma lallai ta bushe kafin a ajiye, na taɓa mance ta a ninke a but ɗin mota mako guda da danshinta, da na buɗe warin fumfuna ya kusa kayar da ni, wannan kam laifina ne ba nata ba, sai da ta sha rana kwana biyu.

Bayan wata takwas ledar ta fara nuna farin layi a wuraren ninki amma ba ta huje ba, ɗinkin gefe yana nan lafiya, launi ya ɗan koɗe. In taurari ake bayarwa ni huɗu zan ba ta cikin biyar, ɗayan na cire shi saboda rashin madauki da yadin da ke kwasar ciyawa da kuma ƙaryar mutum takwas. Mai iyali da ke zuwa da mota ko keken jarirai ta dace da shi. Wanda ke yawo shi kaɗai a keke ko jirgin ƙasa ya nemi siririyar nailan ɗin nan da ke shiga aljihu, wannan za ta yi masa girma, tana cin wuri kamar ƙaramin matashi. Bakin teku kuwa ban ba da shawara ba sam, yashi in ya shiga wannan yadin sai dai ku rabu a lahira.

Hannun ɗaukar ne kawai ya ba ni kunya, a wata na biyar ɗinkinsa ya tsinke ta gefe ɗaya muna tsakiyar tsallaka titi, tabarma ta faɗi ta warware a gaban motoci ina riƙe da yaro a hannu ɗaya da kula a ɗayan. Zare ɗaya suka bi da shi, abin da ya kamata a maimaita sau uku. Uwargida ta ɗinke shi da zaren nailan ta ƙara min madaukai huɗu a kusurwoyi da guntun igiyar tsohuwar jakar makaranta, yanzu jakunkuna nake ɗaurewa a jiki in iska ta taso. Asabar ɗin nan in Allah ya kai mu za mu gwada can gefen tafki inda ta taɓa guduwa.